Wasan Allo Kan Ruwa A Antalya: Ya Cancanci Kuɗinsa, Amma Ka Fara Da Ƙaramin Layi

Mutumin Kaduna da yawanci bai san ruwa ba sai wanda yake hange daga kan gada in zai tsallaka zuwa Barnawa, in ka ce masa ya tsaya kan allo waya ta ja shi a saman ruwa, kallon mahaukaci zai yi maka. To ni dai na gwada wannan wasa da ake kira wekbod a hutun da muka yi a gaɓar Bahar Rum, yankin Antalya a Turkiyya, kuma ina ba da shawarar a gwada.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ba a cikin teku ake yi ba. Tafki ne da aka haƙa, babu igiyar ruwa, babu gishiri a ido. Babu kuma kwale-kwale. An kafa dogayen turakun ƙarfe kewaye da tafkin, waya tana zagayawa a samansu, injin lantarki na juya ta, kai kuma kana riƙe da igiyar da ta sauko daga can. Wani injiniya Bajamushe, Bruno Rixen, shi ya ƙirƙiro tsarin, aka buɗe na farko na kasuwanci a Benidorm ta ƙasar Sifen a 1966. Da yake mutane da yawa ke hawa waya ɗaya a lokaci guda, kuɗin bai kai na hayar kwale-kwale ba.

Suna ba da hular kwano da rigar da ke hana nitsewa, kuma dole ne ka sa. Matan da suka zo da kayan ninkaya masu rufe jiki duka, babu wanda ya ce musu uffan.

Ga inda ya kamata a kula. Layin waya biyu ne. Ƙaramin layin turaku biyu kawai gare shi, mutum ɗaya ke hawa, kuma ma'aikaci na riƙe da na'urar sarrafa gudun. Ka faɗi, ya tsayar, ya dawo maka da igiyar. A nan ake koyon tashi: ka durƙusa, hannaye a miƙe, ka bar wayar ta ɗaga ka. Duk wanda ya ce zai ja igiyar da ƙarfin damtse, fuskarsa ce za ta fara gaisawa da ruwa. Babban layin kuwa ba ya jiran kowa, gudunsa wajen kilomita 30 a awa, kuma fizgar farko sai ka ce ɗan acaɓa ya tashi kafin ka gama zama. Wahalar gaske tana wurin shan kwana: igiyar kan yi sako-sako, sannan ta fizge ka, sai dai in ka buɗe ka bi ta tsakanin alamomin da ke yawo kan ruwa. Ka faɗi a can ƙarshen tafkin, sai ka yi iyo zuwa gefe, ka saɓi allonka ka tako da ƙafa. Ƙanena ya tarye ni ina dawowa, wai "Yaya, wasa ka zo ko tattaki?"

Abin da bai yi min ba: kuɗin hayar allo daban yake da tikitin shiga, ba a kuma faɗa sai ka isa gaban kanta. Da rana ta take layin jira kan yi tsawo, rabin lokacinka ya tafi a jira. Ka je da safe.

Kada ka sayi tikitin yini guda a zuwan farko. Awa ɗaya ko biyu sun isa, domin washegari ɗaga buta ma sai ka yi da gaske.