Balan-balan na biki: haidurojin, hiliyom ko iskar famfo?

Kafin ka biya mai ƙawata zauren biki, tambaye shi da wace iska zai hura balan-balan ɗin. Tukwanen iskar kama suke yi da juna, abin da ke cikinsu kuwa ya sha bamban.

Haidurojin ce mafi sauƙin nauyi a duk sinadarai. Lita ɗaya ba ta wuce giram 0.09 ba, hiliyom kusan ninkin haka, iskar da muke shaƙa kuwa giram 1.2. Sai dai wajen ɗaga balan-balan, fifikon haidurojin a kan hiliyom bai fi kashi 8 cikin ɗari ba. A balan-balan mai inci 11, wanda ke cin kamar lita 14, ribar giram ɗaya da 'yan kai ce. Arha ce kawai ke jan mutane.

Ga inda gizo ke saƙa: haidurojin na kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin ɗari a iska, har zuwa kashi 75. Ba sai da ashana ba. Tartsatsin da riga ke yi da hunturu ya isa, balle kyandir ɗin kek ko garwashin turaren wuta. Harshen wutarta ma da ƙyar ake ganinsa da rana. Ita ce ta cinye Hindenburg, jirgin sama mai kama da ƙaton balan-balan da aka cika da haidurojin, a Amurka a 1937, mutum 36 suka mutu. Mafi muni ita ce wadda ake haɗawa a gida da soda da gwangwanin alminiyom: tukunyar kan ɗau zafi ta fashe, tururin kuma yakan tafi da ɗigon soda mai ƙona ido da fata.

Hiliyom ba ta ci da wuta ko kaɗan. Tsadarta ta zo ne daga cewa cikin iskar gas ake tace ta a ƙasashe ƙalilan, irin su Amurka, Katar da Aljeriya. Balan-balan na roba kan sauko cikin wuni guda, don haka a hura ranar bikin. Na leda mai ƙyalli kan yi kwanaki. A hana yara shaƙarta don sauya murya, tana sumar da mutum.

Duba kafaɗar tukunya. A tsarin Turai, ruwan ƙasa hiliyom ce, ja kuwa iska ce mai kama wuta, kuma abin da ake ɗaurawa a bakin tukunyar haidurojin ta hagu ake murɗa shi. Tukunyar da ba lakabi, ko wadda ka taɓa ka ji ɗumi, ka bar wa mai ita.

Idan ado ne na bakin ƙofa ko bayan kujerar amarya, famfon hannu da zare sun wadatar.