Zafin da na so turawa tagar maƙwabciyata

Assalamu alaikum mutanen gida. Daga Paris nake rubuto muku, daga ɗan ɗakina a hawa na shida, ƙarƙashin rufin ƙarfe. Ni da na tashi a Kano ban taɓa zaton zafin Faransa zai hana ni barci ba. Wallahi ya hana. Yawancin gidajen nan ba su da iyakwandishan, don maganin sanyi aka gina su.

Na tara kuɗi zan saya, sai aka ce ba a kafa injinsa a bangon waje sai masu gidan sun yarda, hukumar birni ma ta ba da izini. Ina cikin ƙorafi a matakala, wata tsohuwa maƙwabciyata ta tare ni a gaban mutane, ta ce: "Ɗana, kai ka sha sanyi, ni kuma ka huro min zafin ta taga?" Na rasa bakin magana. Kwana biyu ina jin haushinta.

Amma gaskiyarta ce. Na'urar nan kwashe zafin ɗaki take ta zubar a titi, haɗe da na wutar da ta ci. Ga motoci, ga kwalta da siminti da suka wuni suna shan rana, dare na yi su amayar. Shi ya sa tsakiyar birni ba ta hucewa da dare kamar ƙauyukan gefenta. Tsofaffin nan ba su manta 2003 ba, shekarar da zafi ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa. A 2019 kuma Paris ta kai digiri 42.6.

Abin da ya burge ni, akwai bututun ruwan sanyi a ƙarƙashin ƙasa mai sanyaya gine-gine, da ruwan kogin Seine ake sanyaya shi, har gidan tarihi na Louvre da shi yake amfani. Kanti kuma in ya kunna na'ura ya bar ƙofa buɗe, tara ce.

Mu fa? Mun rushe soron ƙasa mai azara, mun ɗora kwano kan bulo, mun sare darbejiyar ƙofar gida don a fitar da shago. Mai hali ya tada janareta, ya juya bakin hayaƙin zuwa lungun maƙwabcinsa da ko fanka ba shi da ita, ba mai cewa uffan. Sannan mu ce garin ne ya sauya.

Yanzu rufe taga nake da rana, in buɗe bayan isha'i. Ina kwance ina tuna tabarmar tsakar gidanmu da ruwan randar Inna.