Farin Ɗakin Suwidin da Kayan Ɗakin Amaryarmu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya hidimar biki? Allah ya kai mu lokacin, ya sanya albarka. Na ga hotunan da amarya ta tara, na falon nan fari tas mai kujera ruwan toka da ɗan tebur mai siraran ƙafafu. Kin tambaye ni ko da gaske haka gidajen Suwidin suke, kuma ko zai fi a sayo kayan daga nan. Haka suke, har gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai akwai abubuwan da hoto ba ya nunawa, kuma ina so ki ji su kafin ku ba kafinta kuɗi.

Duhu ne ya haifi wannan farin. A Sitokholm, babban birnin ƙasar, a watan Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku na yamma kuma ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk a cunkushe suke zuwa, kina sallame wannan lokacin waccan ya kawo jiki. Ko ta fito ɗin ma ba ta hawa sama, a gefe take raɓewa, galibi a bayan gajimare. Can arewa, wajen garin Kiruna, makonni ake yi ba a ganin ƙwayarta sam. Mutumin da ke rayuwa a haka, ɗan hasken da ya shigo ta taga dukiya ne a wurinsa. Shi ya sa yake shafa wa bango fari don hasken ya bazu, ya shimfiɗa katako mai haske a ƙasa, ya guji dogon kabat mai duhu da zai tare taga. Da dare ba sa kunna ƙwai ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar silin yadda muke yi. Ƙananan fitilu suke bazawa, ɗaya a kan dandamalin taga, ɗaya kusa da kujera, ɗaya ta sauko ƙasa-ƙasa a kan teburin cin abinci, duk masu haske ruwan zuma, ga kuma kyandir. Idan kika bi layi da yamma a lokacin hunturu, kusan kowace taga da 'yar fitilarta. Ni kaina sai da na ga hunturun nan da idona na daina yi wa ɗakunansu kallon asibiti.

Farin ma ba ɗaya ba ne. Wanda aka fi shafawa, wanda ake kira farin Sitokholm, yana da ɗan sirkin rawaya da toka kaɗan, don kada ɗaki ya yi sanyin gani. A shagon fenti akwai bango guda cike da ƙananan katuna, kowace kala da lambarta bisa wani tsari na ƙasar da ake kira NCS. Za ki ɗauki katin kyauta ki je gida ki kara shi a bango, ki duba da safe, ki sake dubawa da dare. In kin yanke shawara, lambar kawai za ki faɗa, injin ya ɗiga launin a bokiti ya girgiza. Bayan shekaru in yaro ya ɓata wani gefe, wannan lambar za ki koma da ita a ba ki irinsa sak. Wannan hidimar ta burge ni ƙwarai, don na tuna yadda mai fenti a gida yake haɗawa da ido, bokiti na biyu ya fita daban da na farko, a wayi gari bango ɗaya kala biyu. Bayan fari, kalolin da suke so su ne ruwan toka, ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, kore mai kama da busasshen ganye, shuɗi mai hazo-hazo, da ruwan hoda da aka kashe masa kaifi. Duk kwantattu, babu mai tsawa.

Abin yana da tushe. Sarki Gustav na Uku yana Faris a 1771 aka aiko masa mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya hau gadon sarauta da sha'awar adon fadar Faransa. Da salon ya bazu zuwa gidajen da ba su da kuɗin ruwan gwal da katako mai tsada, sai aka riƙa sassaƙa icen gida ana shafa masa toka-toka da fari. Daga baya, a baje kolin Sitokholm na 1930, masu zanen gine-gine suka kawo ra'ayin cewa a cire duk adon da ba ya aiki, a bar haske da iska su shiga. Da wannan tunanin gwamnati ta gina gidaje kusan miliyan ɗaya tsakanin 1965 da 1974, irin su unguwannin Rinkeby, Tensta da Husby, inda baƙi da yawa muke zaune yau. Kada ki ɗauka kuma kowa a nan maƙiyin kala ne. Kantin Svenskt Tenn, wanda ke nan tun 1924, yadudduka yake sayarwa masu manyan furanni ja da kore da rawaya, zanen Josef Frank, da za su yi gogayya da kowace atamfa a Kantin Kwari. Gidajen ƙauye kuwa ta waje jajaye ne, da fentin da asalinsa daga mahaƙar tagulla ta Falun yake.

Sai maganar saye. Kowa ya san IKEA, kamfanin kayan ɗaki, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943 yana ɗan shekara 17. Babban kantinsu na Kungens Kurva, a gefen Sitokholm, tun 1965 yake. A ciki an jera ɗakuna sukutum, falo da ɗakin kwana da kicin, ki shiga ki zauna, ki ja durowa, ki kwanta a katifa, ba mai ce miki don me. In abu ya yi miki, ki rubuta lambarsa, ki sauka ma'aji ki ɗauko kwalinsa da kanki ki ɗora a amalanke. A gida za ki farke kwalin ki tarar da alluna a shimfiɗe, ledar kusoshi da 'yan turakun katako, wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na ɗaure noti, da takarda mai zane zalla ba rubutu. Ke ce kafintar. Ana zama a ƙasa a jera kusoshin a faranti don kada ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera, a bi zane ɗaya bayan ɗaya, kuma in aka juya allo ɗaya baibai sai an kwance an sake. Da haka suke sauko da farashi, don babu kuɗin haɗawa, kuma mota ɗaya tana ɗaukar kaya mai yawa.

Amma gaskiya, yawancin kayan masu sauƙin kuɗi a kantunan nan, ɓarɓashin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da farar leda, ɗan'uwan MDF ɗin da kafintocinmu suka koma amfani da shi. Yana da kyan gani, ba ya son ruwa, ba ya son ƙaura. Wata wadirof da na saya a wani kanti, da muka tashi daga gida aka kwance ta aka sake haɗawa, ramukan kusoshin suka buɗe, ƙofa ta karkace har yau. Ki kwatanta da kabat ɗin maɗaci na Inna da ya ga auren dukanmu. Kayan ƙwarai akwai su, amma da tsadarsu. Akwai wata kujerar cin abinci da ɗan Danmak Hans Wegner ya zana, ana ƙera ta tun 1950 ba a fasa ba. Icen gaske ce, mazauninta kuma da hannu ake saƙa shi da igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120. Guda ɗaya ta fi kuɗin doguwar kujerar falo a kantin masu sauƙi. Irin waɗannan ne ake gada daga kaka zuwa jika, kuma su ne galibi a hotunan da ke ɗaukar idon amaryarmu.

Wajen mu'amala sun fi mu nesa ba kusa ba. Babu ciniki, farashin da ke jikin kaya shi ne, da harajin kashi 25 cikin ɗari a ciki. Doka ta ba mai saye shekara 3 ya kai ƙorafi in kaya na da aibi daga asali, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba. Ba a jin "an riga an fita da shi daga shago". Sai dai duk abin da hannun mutum zai taɓa, tsada gare shi. Kawo kaya gida kuɗi, hawa da su bene ƙarin kuɗi, mai fenti da kafinta kuwa da awa ake biyansu, kuma sai kin kama layi kin jira. Shi ya sa likita da farfesa suke ɗaukar burushi su yi fentin ɗakinsu ranar Asabar. A nan nake kewar kafintan unguwa, wanda za ki aika yaro ya kira, ya zo da tef ya auna lungun ɗakinki, ya yi miki abu daidai wurin, in ƙafa ta karye ya gyara. Ni'ima ce babba da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

Wani abin da ya rage musu nauyi shi ne gidan haya da kicin ɗinsa yake zuwa: kabat, murhun lantarki, firij, sau da yawa har wadirof a jikin bango. Injin wanki na bene ne gaba ɗaya, kowa ya ɗauki lokacinsa. Kuma ba sa jin kunyar kayan hannu. Shagunan Myrorna, kasuwar intanet ta Blocket, da 'yan kasuwannin tsofaffin kaya na ƙarshen mako, a nan sababbin ma'aurata da yawa suke haɗa gidansu, har su yi alfahari da tsohon teburin da suka tsinta da araha. A garin Eskilstuna akwai rukunin shaguna guda, ReTuna, da aka buɗe a 2015, ba a sayar da komai a ciki sai abin da aka gyara ko aka sake sarrafawa. Idan na tuna yadda iyaye a gida suke sayar da fili ko su ci bashi don jere, raina yana sosuwa. Ban ce mu kai amarya da gwanjo ba, na san ba za ta yiwu ba. Amma saitin kujeru biyu da gado biyu a gidan da ɗakunansa ba su kai ba, har a rasa wurin shimfiɗa sallaya, wannan za mu iya bari.

Yanzu ga ra'ayina game da hotunan. Farar kujera tana rayuwa a nan ne saboda babu ƙura. Tagoginsu gilashi biyu ne ko uku a rufe ruf, ba hazon hunturu irin namu, ba miyar manja, baƙi kuma ba sa zuwa sai da alƙawari, mutum biyu ko huɗu. Gidan amaryarmu ranar suna mata nawa zai ɗauka, da yara nawa? Kafin Janairu ya fita farar nan ta koma ja. Rana kuma mu ba nemanta muke ba, gudunta muke, farin bango ƙal a Kano da tsakar rana kashe ido yake. A shafa ruwan madara mai ɗan duhu ko ruwan yashi, mai wankuwa. Kujera ta zama ruwan ƙasa ko toka mai kauri, kuma a ce wa mai ɗinki ya yi mata riga mai zif da za a cire a wanke, don wannan dabarar tasu ta fi komai dacewa da mu. A ɗaga ƙafafunta sama yadda tsintsiya za ta shiga. Labule kuwa a sa shi mai kauri. Su nan da yawa a buɗe suke barin taga ko da dare, mai wucewa yana hango su suna cin abinci, ni kam labule na fara saye kafin gado.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kalolin da suke kashe kuɗi suna nema, a tsakar gidanmu muka taso da su. Tabarmar kaba, faifai, ƙwarya, tukunyar ƙasa, tumtum na fata, farin saƙi, shuɗin marinar Ƙofar Mata bayan ya sha wanki, duk kwantattun kaloli ne da suka saba da ƙurarmu. Na ga kwandunan Bolgatanga na Gana a wani shagon ado a tsakiyar birni, an ɗora su a kan kanta ɗai-ɗai, da farashin da sai da na sake duba takardar. Su icen dajinsu suke sawa a ɗaki, domin daji ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, da ulu da lilin da darduma da ake saƙawa da tsummokara. Wanda ya bi su da gaske, abin ƙasarsa zai ɗauka. A Kasuwar Kurmi za ku samu rabin abin da ɗakin yake buƙata.

Na san 'yan ganin ɗaki za su yi magana, wata za ta ce an kawo yarinya ɗaki fayau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga amarya a cikin dangin miji, kuma ban raina shi ba. Shawarata a zuba kuɗin a inda ido da jiki za su shaida: gado na icen gaske, katifa mai kyau, babban kafet mai laushi da zai ɗauki jama'a, da kabat guda mai gilashi a jera mata kwanukanta a ciki, a bar sauran fili.

Turo kujeru ko wadirof daga nan asara ce, kuɗin jirgi da na kwastan sai sun ninka kuɗin kayan, ga shi damina ɗaya za ta kumbura su. Fitilu biyu na gefen gado da rigunan filo na lilin zan ba mai zuwa ya taho da su. Wutarsu 230 ce kamar tamu, bakin fulogin ne kawai daban, mai ƙafa biyu zagayayyu, sai a saya musu adafta. Zan haɗo da katunan fenti don ku nuna wa mai shago. Ki sa a auno mini tsawo da faɗin falon da na tagogi, in zana yadda nake ganin za a jera, ki kai wa kafinta. A gaida Inna da Baba, a ce ina neman addu'a.