Usur ɗin makiyayi na Acme 575 da 576: aikinsa a kan karen Border Collie

Wanda ya sayi wannan usur da zaton yana sa shi a baki zai yi ƙara irin ta alƙalin wasan ƙwallo, zai sha mamaki. Babu ƙwaya a cikinsa, babu bututu. Ɗan falle ne mai siffar rabin wata, an ninka shi biyu, da huda guda da ta ratsa sama da ƙasa, sai ɗan kunne na ɗaura igiyar ratayawa a wuya. Kamfanin J. Hudson na Birmingham a Ingila, wanda aka kafa a 1870, shi ke ƙera shi. Mai lamba 575 na ƙarfe ne, 576 kuma na roba.

Sai an san karen kafin a gane amfanin usur ɗin. Border Collie ya samo asali ne daga tuddan kan iyakar Ingila da Sikotland, inda tumaki ke warwatsuwa nesa da makiyayi. Yawancin na yau suna da jinin wani kare mai suna Old Hemp, wanda Adam Telfer ya samar a Northumberland a 1893. Ya yi suna ne saboda ba ya haushi a kan garke: yakan sunkuyar da kafaɗa, ya kafa wa tumaki ido, su matsa. Ɗabi'ar jinsin ita ce ya yi zagaye mai faɗi har ya ɓullo ta bayan garke, ya tsaya daidai gaba da gaba da makiyayi, sannan ya koro masa dabbobin. Tun gasar karnukan kiwo da aka yi a garin Bala na yankin Wales a 1873 ake gwada wannan aiki, kuma a zagayen ƙarshe na babbar gasar ISDS, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta karnukan kiwon tumaki, wadda aka kafa a 1906, ana tura kare kimanin yadi 800. A irin wannan nisa murya ba ta isa, in ma ta isa sai ta isa da ihu, kare kuwa ya ɗauka faɗa ake yi masa. Sautin usur siriri ne, yana keta iska, kuma ba ya nuna ɓacin ran mai busa shi kamar murya.

Wahalar tana wajen fitar da sautin farko. Ana sa gefen da aka ninka ya jingina da harshe, buɗaɗɗen gefen yana kallon waje, leɓɓa su riƙe shi sama da ƙasa ba tare da sun rufe tsagar ba. Hudar dole ta kasance cikin baki. Iska na shiga ta hudar, ta fita ta tsakanin fallayen biyu. In an ji huci kawai, ɗayan uku ne: harshe ya toshe hudar ƙasa, ko leɓɓa sun matse tsagar, ko ana busawa da ƙarfin tsiya. A sassauta numfashi. Da harshe ake ɗaga sauti ko a sauke shi, ba da ƙarfin huhu ba. Mutane da yawa sukan kwashe kwanaki ba su samu ko "fiit" ba, sai su ce kayan ne ba su da kyau, alhali matsalar tana bakinsu. Kuma kada a yi wannan koyo kusa da kare, domin jinsin nan yana saurin haddace sauti, har da na kuskure.

Na roba ya fi dacewa da mai koyo. Ba shi da nauyi, ba ya cutar da haƙori, ba ya ɗaukar sanyi a lokacin hunturu. Aibinsa shi ne haƙori na cinye shi, tsagar ta canja faɗi, sautin ya dusashe. Na ƙarfe ya fi kaifin sauti da ƙarko, shi ya fi cancanta a fili mai faɗi da iska, amma da sanyin asuba ba daɗin sa shi a baki, kuma wasu ba sa son ɗanɗanonsa. Dukansu biyu yawu na taruwa a cikinsu har sauti ya shaƙe. A yarfe, a riƙa wankewa da ruwan ɗumi.

Usur ba ya koya wa kare komai. Sai kare ya san umarnin baki tukuna, galibi bayan an fara kai shi wurin tumaki yana ɗan wata 8 zuwa 12. Daga nan a busa sautin, a bi shi nan take da kalmar da ya sani, a hankali a daina faɗin kalmar. A fara da na tsayawa, wanda aka fi yi da dogon sauti guda, sai gajeru biyu na matsowa kan garke. Inda ake tafka kuskure shi ne sautin zagayawa hagu da na dama. In farkonsu ya yi kama, kare mai gudu zai yanke hukunci kafin a gama busawa, ya bi ta inda ba a so, ya raba garken. Ɗaya ya fara daga ƙasa ya hau, ɗayan ya fara daga sama ya sauko. Tsawon sautin ma magana ce: gajere na nufin 'yan taku, dogo na nufin ya buɗe zagayen.

Mai karnuka biyu sai ya ware wa kowanne nasa sautukan zagaye, in ba haka ba duka biyun za su ruga gefe guda. A nan ne na ƙarfe ya fi nuna fifikonsa, domin bambancin sauti ya fi fita tsaf a cikinsa.