Hikvision DS-7204HGHI-K1: ɗaukar hoto lafiya lau, kallo a waya ne sai an san kanta

DVR ce, wato na'urar da ke adana bidiyon kyamarorin tsaro, mai ɗaukar kyamara 4, tana aiki da wutar 12V, tana da gurbin faifan ajiya ɗaya, kuma galibi faifan daban ake sayensa. Wajen ɗaukar hoto a gida ko ƙaramin shago ba ta da laifi a kuɗinta. Kukan masu ita kusan guda ne: a talabijin komai na fitowa, a waya kuwa manhajar Hik-Connect ta ce Offline.

Ba ta da Wi-Fi a jikinta. A ja wayar intanet daga bayanta zuwa rawuta, a ga fitilar ramin tana ƙiftawa. Daga nan a shiga Configuration, Network, a kunna DHCP, wanda ke sa rawuta ta ba ta adireshi da kanta. Nan ne yawancin matsalar take. In an bar mata tsayayyen adireshi irin 192.168.1.64, alhali rawutar gidan tana raba 192.168.8.x kamar yadda na Huawei da yawa suke yi, to ba za su taɓa jin juna ba. Haka in aka sauya rawuta aka bar tsohon gateway, wato adireshin tsohuwar rawutar. A gurbin DNS a rubuta 8.8.8.8, don idan ya zauna fanko na'urar ba ta iya gano sabar kamfanin, ko da intanet na gudu a gidan.

Sai Platform Access, saitin da ke haɗa ta da Hik-Connect. A kunna shi, a sa lambar tabbatarwa mai haruffa 6 zuwa 12, a jira ya nuna Online kafin a ɗauki lambar QR da waya. A adana lambar nan da kyau: in ɓoye bidiyo a kunne yake, sai da ita hoto zai buɗe a sabuwar waya.

Kar a ɓata lokaci kan buɗe ƙofofin (port) 80, 554 da 8000 a rawutar 4G don kallo daga nesa. Kamfanonin layi kan haɗa jama'a da yawa a kan adireshi ɗaya na waje, abin da ake kira CGNAT. In adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba rawutarka, ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to ƙofar da ka buɗe ba ta kai waje ba, DDNS, mai ba adireshinka na waje suna tsayayye, ma aikin banza ne. Hik-Connect na tsallake wannan saboda na'urar ce ke fita neman sabar da kanta. Ko da layinka ya bari, barin ƙofa 80 a buɗe ganganci ne. A 2021 an gano wata kafa a manhajar kyamarorin Hikvision da dama wadda ke ba mai kutse iko daga nesa, don haka a riƙa sabunta firmware, wato manhajar cikin na'urar.

Abin da ya fi ban haushi shi ne ɗaurin asusu. Na'ura ɗaya asusu ɗaya take yarda da shi. Mai haɗawa ya kan sa ta a nasa, ya tura wa mai gida izinin kallo kawai, ran da mai haɗawar ya sauya lambar waya a shiga uku. Kwancewa sai kana kan rawuta ɗaya da ita kana riƙe da kalmar sirrin admin, ta Hik-Connect ko manhajar Hikvision ta SADP a kwamfuta. Kafin ka sallami mai aiki, ka tabbata a asusunka take, kalmar sirrin kuma tana hannunka.

Data ma abin lura ce. Yayin kallo a waya, ƙaramin hoto (mai ƙarancin inganci) a 512 kbps yana cin kimanin MB 230 a awa kan kowace kyamara, babba a 2 Mbps kusan MB 900, kuma daga layin gida da na wayarka duka. In hoto na sarƙewa, a koma ƙaramin. A kuma ɗora rawutar a kan UPS ko inbata tare da DVR ɗin, in ba haka ba ana ɗauke wuta tana ci gaba da ɗauka, kai kuma ba ka ganin komai.