Kafin ka biya a gano inda antibodinka ke kama furotin ɗin doki

Duk mai aiki da jinin doki ya san ƙarancin kayan aiki. Inda mai binciken ɗan'adam ke da tulin antibodi (furotin na garkuwar jiki da ake amfani da su don kama wani takamaiman furotin) a kan furotin guda, kai ɗaya ko biyu gare ka, irin su CVS4 na CD4, ko CVS8 da CVS21 na CD8 (CD4 da CD8 furotin ne a fatar fararen ƙwayoyin jini). Da yawansu an tantance su ne a taron masu binciken fararen ƙwayoyin jinin doki na Kambirij a 1991 da na Kalifoniya na 1995, tun kafin a wallafa jerin halittar doki a 2009. An san tantanin da suke kamawa, amma gurbin da suke sa hannu a jikin furotin, wannan sai ka nema da kanka ko ka biya a nemo maka.

Kada ka fitar da kuɗi sai ka yi gwajin Westan. Ka tafasa furotin ɗin, ka warware shi, ka ga ko antibodin zai sake kama shi. In ya kama, galibi gurbin a miƙe yake, kuma allon guntayen furotin ya ishe ka: ana jera guntaye masu amino asid (tubalan ginin furotin) kamar 15, kowanne na hawa kan na gabansa, a ga wanda ya yi haske. Hanya ce mai sauri da rangwame, jerin furotin kawai take buƙata. In kuwa bai kama ba, ka bar ta. Yawancin antibodin da aka samu ta yi wa ɓera allurar fararen ƙwayoyin jinin doki, siffar furotin a naɗe suka sani, kuma busasshen guntu a kan gilashi ba shi da naɗi, ba shi da sukarin da ke lulluɓe da furotin a fatar tantani. Za ka biya ne a maido maka da farin allo.

Wani lokaci ma tambayarka ba ta kai nan ba. In so kake ka san ko antibodi biyu wuri guda suke kamawa, yi da hannunka. Jinin doki yana sauƙaƙa aikin, don jajayen ƙwayoyinsa na saurin kwantawa: ka ajiye kwalba rabin awa, ka tarar da ruwan sama ɗauke da farare. Ka cika su da antibodi na farko marar launi, ka zuba na biyu mai haske, ka kai na'urar ƙidayar tantani. Hasken ya faɗi, to sun yi karo. Sai dai antibodi ƙato ne, yana iya tare maƙwabcinsa ko da gurbinsu daban.

Hanyar da na fi amincewa da ita ga furotin na fatar tantani ita ce sauya shi yana cikin tantani mai rai. Ana farawa da haɗe-haɗe. CD4 sassa huɗu gare shi a waje. In antibodinka bai san na mutum ba, sai a riƙa cire sashen doki ana sa na mutum, har a dace da wanda cire shi ya kashe kamu. Daga nan a bi sashen, ana maye amino asid ɗaya bayan ɗaya da alanin, wani ƙaramin amino asid. Amma fa akwai rami a nan. Kamu na iya ɓacewa don furotin ɗin ya lalace bai fito fata ba, ba don an taɓa gurbin ba. Masu aikin ɗan'adam na tabbatar da wannan da antibodi na biyu, wanda kai wataƙila ba ka da shi. Don haka ka tambayi kamfanin ƙarara: da me za ku nuna kowane sauyi ya iso fata? In sun ce za su liƙa masa alama irin FLAG, to da dama-dama. In furotin ɗinka CD11a ne, ka kuma tuna masu cewa ba ya fitowa fata sai tare da abokinsa CD18.

Wata hanyar, musayar haidirojin da diyuteriyam (wato haidirojin mai nauyi), tana buƙatar tataccen furotin, kuma yanki take nunawa, ba amino asid guda ba. Hoton kiristal da madubin ilektron mai daskarar da samfur su ne ƙarshen gani, da tsada da ɗaukar lokaci daidai da haka. Ban ga dalilinsu ba sai ga mai haɗa magani ko neman haƙƙin mallaka.

Ka duba kwalbarka ma. Wasu antibodin doki ana sayar da su ne a ruwan da aka raini tantani, ba tatattu ba, kuma waɗannan hanyoyin na ƙarshe ba sa karɓar haka. In kuma furotin ɗinka na MHC ne, wato rukunin da ke nuna wa garkuwar jiki guntayen furotin, wanda ke bambanta daga doki zuwa doki, kada ka bari su ɗauko jeri daga rumbun bayanai kawai. Ka aika masu da na dokin da ka ga antibodin ya kama.