Tsokar Bayan Damtse: Wane Ƙarfe Za Ka Fara Saye?

Yawancin samarin da ke ɗaga ƙarfe hankalinsu na kan ƙwanjin gaba, alhali abin da ke cika hannun riga tsokar bayan damtse ce, domin ta fi ta gaba yawa. Rassa uku gare ta, duk sun haɗu a ƙashin gwiwar hannu. Mafi tsawonsu daga allon kafaɗa ya taso, shi ya sa ba ya miƙuwa sosai sai hannu ya haura saman kai. Da wannan nake auna duk kayan da za a saya.

A wani bincike da aka buga a 2022, masana a Japan sun sa mutane atisaye na mako 12: hannu ɗaya yana tura nauyi daga ƙeya zuwa sama, ɗayan yana danna shi ƙasa. Tsokar na farkon ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, ta na biyun kusan 14.

Saboda haka, in kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi dambel mai kwancewa, wato gajeriyar sandar ƙarfe da ake zura wa faranti masu nauyi a kuma cire su. Ka zauna, ka tallabe shi da hannu biyu, ka sauke shi a hankali bayan ƙeya har ka ji tsokar ta ja, sannan ka miƙe hannu, sau 8 zuwa 12. Amma ka tsaya ka duba kafin ka biya. Makullin ya zama mai murɗawa, domin ƙarfen nan a saman kanka zai tsaya. Ka nemi ƙananan faranti na kilo 1 ko 1.25, tunda wannan tsoka da kaɗan-kaɗan ake ƙara mata nauyi. Sai faɗin ramin faranti: na Olamfik, wato irin na gasar ɗaga ƙarfe, milimita 50 ne, na gida kuma 25 zuwa 30. Na taɓa sayo faranti huɗu na kai gida suka ƙi shiga sandar, mai shagon kuma ya ce ba a mayarwa. Ka tafi kasuwa da sandarka a hannu.

Na biyu a wurina sanda mai lanƙwasa ce. Tana sassauta wa wuyan hannu idan ka kwanta kana sauke ta wajen goshi, sai dai tana buƙatar benci. Miƙaƙƙiyar sandar Olamfik kilo 20 ce ita kaɗai, tsawonta ya kai mita 2.2, ba kowane ɗaki ne zai ɗauke ta ba.

Ƙarfe biyu na lilo, waɗanda ake dafawa a sauke jiki a taso, mai walda na unguwa zai haɗa maka da araha. Ka sa ya yi su daidai faɗin kafaɗarka. Suna ba da ƙarfi ƙwarai, amma ƙirji yana raba aikin da damtse, kuma mai ciwon kafaɗa ya haƙura da su.

Robar atisaye da ake ja kuwa ta matafiyi ce. Jan ta ya fi rauni daidai inda tsokar ke buƙatar nauyi, zafin rana kuma yana tsattsaga ta.

Na siminti da ake zubawa a gwangwani kuwa, da shi da yawanmu muka fara, ba na raina shi. Sai dai ba ka san nauyinsa ba, ba ka iya ƙara masa kilo ɗaya, kuma idan ya tsage ba ya sallama. Yi atisayen ƙwanjin gaba da shi, amma kada ka kai shi saman kanka.